Fizgar Gaɓoɓi Ga Mace Mai Shan Ƙwayar Tazarar Haihuwa

Wannan darasi na maigida ne da uwargida duka. Wanda ya iya karatu a gida ya karanta wa sauran, ya bi shi a hankali, kada ya tsallake ko'ina. Maganarmu a kan wani ciwo ce wanda ba kasafai a kan gan shi ba, amma in ya zo ya kan firgita gida, har a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba laifi.

Yau a ƙasar Dutse, daga Kiyawa har Jahun da Miga, da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, mata da yawa suna karɓar maganin tazarar haihuwa a ɗakin shan magani. Tun shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarni a riƙa ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Amfaninsa kuwa sananne ne. Uwa ta kan huta, yaro ya sha nono ya ƙoshi, a tsira daga kwanika. Likitoci sun ce ya kamata mace ta sami hutun wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki. To, amma kowane magani mai ƙarfi yana da nasa sharaɗi, tilas kuwa mu gaya muku.

Yadda ciwon ya ke

Mace tana zaune lafiya, sai a ga yatsunta suna motsi su kaɗai. Can kafaɗa ta ɗaga, can fuska ta yamutse, can ƙafa ta shura. Motsin ba shi da tsari, ya kan tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan, ba ka iya cewa ga inda zai ɓullo. Sau da yawa ɓarin jiki ɗaya ya ke kamawa, watau hannu da ƙafa na dama, ko kuwa na hagu.

Da fari ba a kan gane ba. Sai a ce ta faye gaggawa, ko ta zama mai sakaci. Ludayi ya suɓuce mata, fura ta zube, ta kāsa zura zare a allura, kitson da ta saba yi cikin sa'a guda ya gagara. Ita ma ta kan ji kunya, sai ta riƙa ɓoye abin. In hannun ya fizga sai ta kai shi ga kallabinta kamar gyara ta ke yi, ko kuwa ta zauna a kansa. Maganarta ta kan sarƙe. Ta kan yi saurin kuka ko saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk da haka hankalinta yana nan garau, ta san kowa, ta san abin da a ke ciki.

Likitoci suna kiran wannan ciwo koriya. Ba ruwansa da ƙasar Koriya, kalma ce ta mutanen Girka ta dā, ma'anarta rawa. Mu dai a nan za mu kira shi fizgar gaɓoɓi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwadawa, ba ta bukatar kayan aiki. Ba ta yatsunka biyu ka ce ta damƙe da ƙarfi, kada ta saki. Za ka ji tana matsewa tana saki, tana matsewa tana saki, kamar mai tatsar saniya. Sa'an nan ka ce ta fito da harshe ta bar shi a waje har ka ƙirga goma. Ba zai tsaya ba, sai ya yi ta shiga yana fita. Babbar alama kuwa ita ce barci. Da zarar barci ya ɗauke ta motsin ya kan tsaya cak, in ta farka ya dawo. In an taru a kanta ana kallo, ko ranta ya ɓaci, ya kan ƙaru.

Abin da ya haɗa shi da ƙwaya

Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani wuri wanda aikinsa kamar na linzami ne ga doki. Shi ke barin motsin da mutum ya nufa ya wuce, ya tsare sauran. In linzamin nan ya yi sako-sako, sai gaɓoɓi su yi ta motsin da ba a aike su ba.

Jikin kowace mace yana yin wani sinadari mai suna istirojin, wanda ke tafiyar da al'ada da ciki. Ƙwayar tazarar haihuwa irin wadda a ke sha kullum, kamar Microgynon da Combination 3, tana da sinadari iri biyu a haɗe, istirojin da furojestin. Ita ce mai ƙwaya 28 a kati, 21 masu magani, 7 masu launi dabam. Istirojin ɗin nan ya kan taɓa wurin linzamin da muka faɗa. Ga mace mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa wannan ba ya yin kome. Amma wadda wurin nan nata ya taɓa samun rauni, ko da tun tana yarinya ne, istirojin yana iya tayar da tsohon miki.

A Amurka aka fara ba da wannan ƙwaya a shekarar 1960. A 1966 aka fara buga labarin wata mace da ta sami fizgar gaɓoɓi saboda ita, cikin wata mujallar likitoci ta Ingila. Ƙwayar farko tana da istirojin wajen ninki biyar na irin ta yau, in an auna nauyi. A 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 151 ke shan ƙwaya a duniya, waɗanda abin nan ya kan sama kuwa 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Ma'aikacin asibiti ya kan yi aiki har ya tsufa bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka kada wata ta ji wannan darasi ta je ta watsar da katinta alhali lafiyarta lau. Wannan kuskure ne babba.

In abin zai zo, galibi ya kan zo cikin makonni ko watannin farko na fara sha. In an daina sha kuma ya kan lafa a hankali, cikin 'yan makonni, wani lokaci har wata biyu ko uku.

Allurar wata uku, watau Depo-Provera ko Sayana Press, da allurar wata biyu, watau Noristerat, da ashanar da a ke sawa a damtse, Implanon ta shekara 3 da Jadelle ta shekara 5, da ƙwayar masu shayarwa irin su Microlut, duk ba su da istirojin. Robar mahaifa mai jan ƙarfe kuwa ba ta da sinadarin ko ɗaya. Wannan bambanci yana da muhimmanci, za mu komo kansa.

Tushen abin tun ƙuruciya

Nan ne gindin maganar, ina so iyaye su saurara da kyau.

Lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta tashi, yara suna kwana a cunkushe ɗaki ɗaya, ciwon maƙogwaro ya kan yi yawa. Mafi yawansa na mura ne, ya kan wuce da kansa. Amma akwai wani iri wanda wasu ƙwayoyin cuta ke kawowa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Yaro ya kan yi zazzaɓi, ya kāsa haɗiya, 'yan kaluluwa su fito a wuya, galibi kuwa ba tari ba majina. In ba a yi masa magani ba, jini ya kan shirya dakarunsa don su yaƙi ƙwayoyin cutar. To, a jikin waɗansu yara dakarun nan su kan ruɗe, su afka wa jikin da su ke tsaro. Bayan mako biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, kwana kaɗan ta saɓe, idon sawu ko gwiwar hannu ya ɗauka. Mutane su ce sanyi ne. Dakarun su kan taɓa ƙofofin zuciya, su bar tabo wanda ba ya gogewa. Su kan kuma taɓa wurin linzamin nan na ƙwaƙwalwa, sai bayan wata ɗaya, ko uku, ko ma shida, yaro ya fara fizge-fizge, sa'ad da kowa ya riga ya manta da ciwon maƙogwaron. 'Yan mata sun fi samari kamuwa. Wani likitan Ingila, Tomas Sidinham, shi ya bayyana wannan fizga ta yara tun shekarar 1686.

Fizgar yara ta kan wuce bayan watanni. A ce ai rubutun da aka sha ne ya yi aiki, ko hayaƙin da aka yi. Yarinya ta girma, a yi mata aure. Ranar da ta ɗauki ciki, jikinta ya cika da istirojin, sai abin ya dawo, galibi cikin watannin farko. Ko kuwa ranar da ta fara shan ƙwaya. Ashe ƙwayar ba ita ta haƙa ramin ba, tuntuɓe kawai ta yi da shi.

Ciwon zuciya irin wannan yana nan a ƙasarmu. Likitocin zuciya a Kano sun buga wani bincike a 2007. Cikin mutanen da hoton zuciya ya nuna suna da ciwo, wajen ɗaya cikin goma irin wannan tabo ne gare su, mata kuwa sun fi maza yawa. Abin baƙin ciki shi ne allurar fenisilin guda ɗaya, ko ƙwayarsa ta kwana 10 cif, ita ke tare duk wannan tun daga maƙogwaro. Wanzami yana da aikinsa, amma yanke beli ba ya kashe ƙwayoyin cutar nan. A ganina gara kuɗin wanzamin ya tafi ga kuɗin mota zuwa asibiti.

Akwai kuma waɗansu mata da jininsu ke saurin daskarewa, saboda irin ruɗewar dakarun nan. Alamarsu ita ce yawan ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, wasu kuma da ƙuraje a kumatu da zubar gashi da ciwon gaɓoɓi. Su ma ƙwaya mai istirojin tana iya tayar musu da fizga, har ma da abin da ya fi ta muni. Sai an auna jini a babban asibiti a ke gane su.

Don haka ne malamar asibiti ta ke yawan tambaya kafin ta ba da ƙwaya. Kada uwargida ta ƙosa. In kin taɓa yin fizga kina yarinya ko da ciki, ki faɗa. In an taɓa ce miki kina da ciwon zuciya ko hawan jini, ko kina ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko kina shayar da jariri wanda bai kai wata 6 ba, ki faɗa. In ba ki tuna ba, ki tambayi mahaifiyarki ko gwaggonki, su ba su mantawa. Mai sayen ƙwaya a kemis ko a tiren ɗan talla ran kasuwar Shuwarin, wa zai yi mata waɗannan tambayoyi?

Abubuwan da su ke kama da shi

Ba kowane motsi ne fizgar gaɓoɓi ba, wasu ma sun fi ta gaggawa.

Mai farfaɗiya ya kan faɗi, hankalinsa ya gushe, bayan 'yan mintoci ya farfaɗo. Mai fizga ba ta suma, abin kuma yini ya ke yi. Mace mai tsohon ciki ko mai jego wadda ta yi ciwon kai mai tsanani, ta kumbura, sa'an nan ta kama jijjiga, wannan hawan jinin ciki ne, yana kisa. A kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata kome a baki, a nemi mota nan take, ko tsakar dare ne. Haka nan in farat ɗaya baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta ɗauke, ko gani ya dushe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, ba a kwana da ita a gida. Tsoho ko tsohuwa mai ciwon suga kuma, in sugan ya hau ƙwarai, ɓarin jikinsa ɗaya yana iya kama fizga.

Ga wani kuma wanda mu ka fi gani a ɗakin shan magani. Mace ta fara shan ƙwaya, watannin farko ta kan ji tashin zuciya, wanda ya kan wuce da kansa. Sai a aika yaro kemis a sayo mata maganin amai, irin su Maxolon ko Plasil. Kafin kwana ɗaya ko biyu sai wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya ƙage. Gida ya ruɗe, a ce iska ce ta buge ta. Maganin aman ne ya yi wannan, ya fi kuwa yi wa 'yan mata da matasan mata. Akwai allurar da a ke yi a asibiti, cikin 'yan mintoci sai ka ga wuya ya saki. Bambancinsu shi ne wannan ƙagewa ce, waccan kuwa motsi ne mai yawo.

Abin da za a yi

In mace mai shan ƙwaya mai istirojin ta fara fizga, ta dakatar da sha, a kai ta ɗakin shan magani ranar, ko washegari da sassafe. A tafi da katin ƙwayar da duk wani magani da ta sha cikin watan, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da kwalin da ya ƙare. Mai allura ko ashana ita ma ta zo a duba ta, gama lalle akwai dalilin da za a nema. Kada kowa ya yi ƙoƙarin cire ashana a gida.

Mu a ɗakin shan magani za mu auna jininta ko ya hau, mu gwada fitsari don mu ga ko ciki ne, mu duba suga in muna da abin awo. Daga nan sai mu rubuta takarda zuwa ga likita. Wannan ciwo ya fi ƙarfin malamin ɗakin magani, ba kuwa abin kunya ba ne a faɗa. Akwai babban asibitin Dutse da Asibitin Rasheed Shekoni, akwai Asibitin Tarayya a Birnin Kudu, akwai babban asibitin Jahun. In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa ko wani awo mai zurfi, su za su tura ta Asibitin Malam Aminu Kano. Likita zai saurari zuciyarta, in ya ga dama ya sa a ɗauki hotonta. In aka sami tabon nan, za a ɗora ta a kan allurar fenisilin kowane mako 3 ko 4, shekaru da yawa, don kada ƙofofin zuciya su ƙara lalacewa. Sau da yawa fizgar ce ke tona ciwon zuciyar da ba a san da shi ba, a tare shi da wuri.

In motsin ya yi tsanani har ya hana ci ko tafiya, akwai magungunan da ke kwantar da shi. Likita kaɗai ke ba da su, domin waɗansunsu suna nakasa ɗan da ke ciki. Kada a ari na maƙwabci mai farfaɗiya.

Yanzu ga maganar da na ke so maigida ya riƙe. Ranar da mace ta daina shan ƙwaya, tana iya ɗaukar ciki cikin watan nan. Ciki kuwa ya fi ƙwaya cika jiki da istirojin nesa ba kusa ba. In ta ɗauka, fizgar tana iya ƙaruwa, in kuma zuciya tana da tabo, nauyin ciki yana iya kayar da ita. Saboda haka tun daga ranar, ko dai a yi haƙuri, ko a yi amfani da kwaroron roba, har likita ya zaɓa mata wata hanya wadda ba ta da istirojin. Wadda ta taɓa yin fizga saboda ƙwaya ba ta ƙara komawa gare ta har abada, ko da an sake mata suna ko launin kati. Ta sa a rubuta wannan a katinta na asibiti.

Wata mace ta kan sha ƙwaya ba da sanin uwar miji ba, ko ba da sanin kowa ba. In aka kawo ta da rakiya ta kan yi shiru, mu kuwa mu yi ta lalube. Uwargida, ki ce kina so ki ga malama ke kaɗai. Asirin majinyaci amana ne a wuyan ma'aikacin asibiti, ba ya fita. Maigida kuma, wannan ba ranar tuhuma ba ce.

Jinya a gida

Kafin ta warke, a ɗauke mata girki. Kada ta kusanci murhu, ko tafasasshen ruwa, ko wuƙa, ko bakin rijiya. In tana goyo, ta shayar a zaune bisa tabarma, wani yana kusa yana tallafe da jaririn. A shimfiɗa mata a ƙasa, a kawar da turmi da tukwane daga inda za ta buge. A ba ta abinci mai laushi, kunu da fate da tuwo mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, gama motsin nan yana cinye ƙarfi kamar noma. A ba ta a kwanon roba ko ƙwarya, kada a ba ta abin da zai fashe. In ta fara sarƙewa da abinci, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ƙafafu suka kumbura, a koma asibiti ba jira.

Kada a ɗaure ta, kada a danne ta, kada a tsawata mata a ce ta natsu, ba ta da iko a kai. Kada a rufe ta a ɗaki da hayaƙi, mai raunin zuciya ba ta jure wannan. Masu zuwa dubiya su gaishe ta su fita, taro yana ƙara mata. Ciwon ba ya yaɗuwa, a ci abinci tare da ita, 'ya'yanta su zauna kusa da ita. Addu'a kuwa a yi ta yi, ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana ta.

Wani abu kuma. In irin wannan ya faru, idon mutane ya kan koma kan kishiya, a ce sammu ne. An sha raba zumunci a kan haka, an sha sakin mace a ce ta haukace, alhali bayan wata biyu ta warke sarai. Mai unguwa da liman da ungozoma, ku ne a ke fara kira. In kun ga mace tana fizga, hankalinta kuwa yana nan, ku tambaya ko motsin yana tsayawa in ta yi barci, ku tambaya ko tana da ciki ko tana shan wani magani, sa'an nan ku sa a nemi mota.

In Allah ya ba ta lafiya, daga baya kuma su ka so ƙarin haihuwa, su fara zuwa wurin likita tun kafin cikin ya shiga, ya duba zuciyar. In ya shiga, ta fara awo tun watan farko da ta ga batan wata, ta gaya wa ungozomar asibiti labarin fizgar, ta ci gaba da allurar fenisilin in an ɗora ta a kai, gama ba ta cutar da ciki. Haihuwarta kuma a asibiti za a yi, inda akwai likita.